Bayani Filla-filla Kan Yadda Ake Ɗaure Raƙumin Ruwa a Bango

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, teku ruwa ne da ya wuce bukata. Ya cinye kashi 71 cikin ɗari na doron duniya, kuma a kowace lita tasa akwai gishiri kimanin giram 35, adadin da ya yi wa miya yawa, ya kuma hana sabulu kumfa. Ba a shan sa, ba a yi wa albasa ban-ruwa da shi, ba a dama fura da shi. Da ɗan Adam ya duba ya ga abu mai girma haka ba ya ciyuwa ba ya shayuwa, sai ya yanke shawarar ya rataye shi a bango. Wannan shi ne asalin fannin zanen teku, kuma a kansa za mu yi bayani gwargwadon fahimtar mutumin da tsakaninsa da gaɓa mafi kusa akwai wuni da kwana a mota, in hanya ta yi kyau.

Turawa suna kiran fannin da wata kalma wadda in an rubuta ta sai ta yi kama da marina. Wannan ya sa wasu daga cikin abokan hirarmu suka tafi a kan cewa daga Ƙofar Mata aka ɗauko sana'ar. Hujjarsu ita ce duka biyun harkar shuɗi ce, kuma mai yin kowacce yakan koma gida da hannu a rine. Mun bincika mun tarar kalmar ta samo asali ne daga sunan teku a harshen Latin. Ba mu yi gaggawar sanar da su ba, domin hujjarsu ta fi tamu daɗin ji, kuma akwai inda za ta yi mana rana a gaba.

Wajibi ne ɗalibi ya fara sanin dabbar da zai kama. Bahaushe, da yake mutumin tudu ne, da ya ga ruwa na tasowa yana faɗuwa bai wahalar da kansa wajen ƙirƙiro sabon suna ba. Ya waiwaya ya dubi ayari, ya ce wannan raƙumin ruwa ne, wannan taguwar ruwa ce, wannan kuma igiyar ruwa. Raƙumi, taguwa, igiya: kayan fatauci sun cika, madugu kawai ake jira. Sai dai akwai bambanci guda da masana kimiyya suka tabbatar. Raƙumin tudu yana tafiya da tozonsa. Na ruwa kuwa tozon ne ke tafiya ya bar raƙumin a wurin. Ruwan kansa ba ya zuwa ko'ina, yana ɗan zagaye ne ya dawo kusan inda yake, kamar yadda iska ke bi ta kan gonar gero ka ga kore yana gudu alhali ko kara ɗaya bai bar kunyarsa ba. In tozon ya iso inda ruwa ba zurfi, ƙasa takan riƙe masa ƙafa, samansa ya ci gaba da gudu, sai ya gurfana ya kife yana kumfar baki. A wannan kam bai bar halin raƙumi ba.

Matsalar mai zane ta fito fili ke nan. In sarki ne, ana iya roƙonsa ya zauna kada ya motsa. In kwanon lemo ne, ko roƙo ba a yi. Teku kuwa tun da aka halicce shi bai taɓa tsayawa an gama kallonsa ba, kuma ba ya maimaita abin da ya yi. Kafin ka tsoma buroshi a fenti, abin da ka gani ya zama tarihi. A kan yadda za a ɓullo wa wannan ne malaman fannin suka yi saɓani, har suka rabu mazhaba-mazhaba.

Akwai mazhabar masu shiga ruwa, shehinta kuwa Willem van de Velde babba, mutumin Holan da aka haifa a 1611. Wannan bawan Allah, in jiragen yaƙin ƙasarsa suka fita karawa da na Ingila, sai ya shiga ɗan ƙaramin jirgi ya bi su da takarda da alƙalami. Ana ɓarin wuta da igwa, mutane na nitsewa, shi yana gefe yana ƙirga tutoci da igiyoyi kada ya yi kuskure. A yaƙin kwana huɗu na 1666 yana wurin. Da ƙasarsa ta rikice a 1672, kasuwar zane ta mutu, sai ya kwashi ɗansa, wanda shi ma Willem ne, suka ƙaura Ingila, wato ƙasar da ake yaƙin da ita. Shekara na zagayowa aka hango tsohon cikin wani ƙaramin jirgin, yana zana yaƙin nan dai, daga ɗaya ɓangaren. Sarki Charles na Biyu ya ba su ɗakin aiki a Greenwich, ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara, uba ya zana, ɗa ya sa launi. Daga nan malamai suka ciro ƙa'idar cewa teku kamanninsa ɗaya ne ta kowace fuska, mai biyan albashi ne ke canzawa.

Sai mazhabar ɗaure kai, wadda mabiyinta mutum ɗaya ne, shi ma ana tababa. Wannan shi ne Turner na Ingila. A 1842 ya fito da zanen wani jirgi mai hayaƙi cikin guguwar ƙanƙara a bakin tasha, inda sama da ruwa da hayaƙi suka cakuɗe suna juyawa, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Labari ya bazu cewa ya sa ma'aikatan jirgi sun ɗaure shi da igiya a dogon itacen tsakiyar jirgi har awa huɗu don ya ga guguwar da idonsa, a lokacin kuwa ya haura shekara 60 da 'yan kai. Masu bin diddigi sun nemi shaidar cewa jirgin da ya ambata, mai suna Ariel, ya tashi daga Harwich a irin wannan daren, ba su samu ba. Mu dai ba ma ƙaryata dattijo. Abin lura shi ne ladan da ya samu, domin wani mai sharhi ya dubi zanen ya ce kumfar sabulu ce da farar ƙasa. Mun riga mun faɗa a sama cewa ruwan teku ba ya barin sabulu ya yi kumfa, saboda haka mai sharhin ya yi kuskure biyu a numfashi ɗaya.

Mazhabar da muka fi karkata gare ta, domin ta fi dacewa da lafiyar jiki, ita ce ta juya wa teku baya. Shehinta Ivan Aivazovsky, ɗan asalin Armeniya da aka haifa a 1817 a garin Feodosiya na yankin Kirimiya, a bakin Bahar Aswad. Ya yi yawo a jiragen yaƙin Rasha, har aka naɗa shi mai zanen rundunar ruwa a 1844, ya kalli teku ya ƙoshi. Amma in zai yi aiki sai ya shige ɗaki. Ra'ayinsa shi ne walƙiya da iska da fashewar taguwa ba sa zanuwa a gaban ido, sai dai mutum ya haddace su ya je gida ya zubo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi kuwa da ruwan ciki ya jawo teku, ba sau ɗaya ba, sau kusan 6,000, domin adadin zanen da ya bari ke nan kafin ya rasu a 1900. Yana da shekara 80 da ɗoriya ya cika wani ƙyalle mai faɗin fiye da mita huɗu da ruwa zalla cikin kwana goma. Wanda ya taɓa ba tela ɗinkin sallah zai san darajar wannan.

Mafi shahara a ayyukansa shi ne Taguwa ta Tara, na 1850, wanda ke rataye a gidan adana zane na birnin Saint Petersburg, tsayinsa santimita 221, faɗinsa 332. Gari ne ya waye bayan an kwana ana guguwa. Jirgi ya tarwatse, wasu 'yan mutane sun maƙale a guntun itacensa, ɗaya na ɗaga jan ƙyalle, ga kuma wani tsaunin ruwa ya taso musu. Rana na fitowa ta cikin hazo, haskenta ya ratsa taguwar har ka ga kamar an kunna fitila a cikinta. Sirrin ba tsafi ba ne. Yakan shimfiɗa fenti siriri-siriri, wani kan wani, a kan farfajiya mai haske, yadda haske zai shiga ya dawo ta cikin launin, kamar rana ta cikin ganyen ayaba.

Sunan zanen kansa mas'ala ce. Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe da imanin cewa raƙuman ruwa jere suke zuwa, kuma akwai guda da ya fi saura mugunta. Wasu suka ce na tara ne, wasu na bakwai, Girkawan da suka ce na uku, Rumawa suka ce na goma. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne raƙuma daga wurare daban-daban kan haɗu, wani ya hau kan wani, su tashi babba, kuma ba su da lambar layi. Ranar 1 ga Janairun 1995 wata na'ura a dandalin Draupner da ke Tekun Arewa ta auna guda ɗaya mai tsayin mita 25.6, ba ta kuwa rubuta ko na nawa ba ne. Mu abin da ya dame mu daban ne. Kafin a san taguwa ta tara ce, dole wani ya zauna ya ƙirga takwas. Mun duba fuskokin mutanen da ke kan itacen nan ɗaya bayan ɗaya, ba mu ga mai alamar lissafi ba. Mai ƙirgar yana ɗaki, ƙafarsa a bushe.

Adalci ne a ambata cewa Aivazovsky ya biya kaffara. Garinsu, duk da yana bakin teku, ƙishirwa ke damunsa, sai ya sadaukar musu da bokiti 50,000 a kowace rana daga wani marmaro da ke gonarsa, aka ja ruwan zuwa gari a 1888. A iya saninmu, a duk malaman fannin shi ne ruwansa ya taɓa shiga tulu.

Yanzu sai launi, wanda shi ne mas'ala ta uku ko ta biyar, gwargwadon mazhabar mai ƙirga. Harshen Hausa ya ɗaure wa ɗalibi kai a nan, domin a wurinmu kusan kowane launi ruwa ne: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan ƙwai, ruwan ƙasa. Ruwan ruwa ne kawai babu. Ka ɗebo teku a kofi ka ga ba shi da launi, ka mayar ka ga ya yi shuɗi. An daɗe ana cewa sama ce yake haskawa kamar madubi, har wani masanin Indiya, C. V. Raman, yana kan jirgi a Bahar Rum a 1921 ya duba ta wani gilashi mai kawar da hoton sama, ya ga shuɗin na nan daram. Ashe ruwa mai yawa yakan haɗiye jan haske ya bar shuɗi. Raman ya bi zaren binciken haske har ya kai shi ga kyautar Nobel a 1930. Sauran fasinjojin jirgin, su ma teku ɗaya suka kalla, sun sauka da kayansu kawai.

Sanin dalili daban, samun fentin daban. Shuɗi mafi kyau a da daga wani dutse ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a Badakhshan ta Afganistan, kuma akwai lokacin da ya fi zinariya tsada, saboda haka ba kowa ke iya ɓarnatar da shi a kan ruwa ba. Wajen 1706 wani mai haɗa launi a Balin ta Jamus yana neman ja, kayan haɗinsa suka gurɓace, ya sami shuɗi mai arha. Bayan shekara ɗari da 'yan kai wannan shuɗin ya faɗa hannun Hokusai a Japan, tsoho ɗan kimanin shekara 70 wanda ya sauya suna wajen sau 30, ya sauya gida sau 93, alamar shi ma ba ya zama a gama kallonsa. Da shi ya yi Babbar Taguwa ta Kanagawa wajen 1831. Masu binciken launi sun tarar cewa a cikin zanen, ban da shuɗin Jamus, akwai baba. To, ga ranar abokan hirarmu ta zo. Ba baban Kano ba ne, amma dangi ne, kuma Bahaushe ba ya raina dangi. Shi kuwa shuɗin dutsen nan mai tsada, Faransawa sun gano yadda ake haɗa shi a masana'anta wajen 1828, darajarsa ta yi ta sauka har ya zama bula da mai wanki ke sa wa farar riga.

Zanen na Hokusai ya kai mu ga babban rukunin fannin, wato ƙarfi. Ruwa shi kaɗai ba shi da ma'auni. Ka zana taguwa ita kaɗai, mai kallo ba zai sani ba ko ta isa ta haɗiye gari ne ko kuwa a baho aka girgiza ta. Dole a sa mata wani abu a ƙasa da za a tausaya wa. Hokusai ya sa kwale-kwale uku, irin masu gudun kai ɗanyen kifi kasuwar Edo, matuƙa sun duƙa sun ƙanƙame, taguwar ta buɗe farata a kansu. Can nesa ya ajiye Dutsen Fuji, mai tsayin mita 3,776, ya mai da shi kamar tulin gishiri a faifai. Dukan takardar ba ta kai faɗin tiren shayi ba. An buga ta dubbai da sassaƙaƙƙen katako, ana sayar da ɗaya kusan kuɗin kwano biyu na taliya. A 2023 aka sayi guda a New York dala miliyan 2.76, a 2024 kuma Japan ta sa hoton a bayan takardar yen 1,000. Matuƙan suna nan a duƙe, kifin bai isa kasuwa ba har yau.

Ƙa'idar ke nan: ƙarfin teku a zane ana auna shi ne da wanda ya jiƙe, kyansa kuma da wanda bai jiƙe ba. Faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi, kuma a nan kalmar ruwa tana kan ma'anarta ta zahiri. Ni kaina na gwada wannan a Legas. Ina tsaye nesa, takalmi a hannu, na ga teku abin sha'awa ne ƙwarai. Da wata 'yar taguwa da ba ta kai ta biyu ba ta zo ta lashi wandona har gwiwa, nan take kyan ya ragu da kusan rabi.

Sai dai akwai inda ƙa'idar ke ciwo. A Yulin 1816 jirgin Faransa mai suna Méduse, yana kan hanyar Senegal, ya kafe a yashi daura da Muritaniya. Kyaftin ɗin ya shekara wajen ashirin bai tuƙa jirgi ba, kusanci da fada ne ya ba shi muƙamin. Aka zuba mutum 147 a kan katakan da aka ɗaure, waɗanda ke cikin kwale-kwale suka ja su kaɗan suka saki igiyar. Bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai. Da mai zane Géricault ya tashi zana abin, sai ya aske kansa don kada ya yi sha'awar fita, ya yi ta zuwa ɗakin gawa yana nazarin launin matattu, ya fito da zane mai kusan mita biyar a bakwai a 1819. A can ƙololuwa baƙar fata ne ke kaɗa ƙyalle. Mai kallo yakan ce kai, teku mugu ne. Teku bai naɗa kyaftin ba, bai kuma saki igiya ba.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne zanen Turner na 1840, wanda ake danganta shi da abin da ya faru a jirgin Zong. Jirgin ya tashi daga gaɓar da ake kira Ghana a yau a 1781, maƙare da bayi, zai je Jamaika. A hanya ma'aikatansa suka jefa fiye da mutum 130 cikin ruwa da ransu, masu jirgin kuma suka je neman diyya daga kamfanin inshora, fam 30 kowane kai. An yi shari'a a Landan a 1783, a kan kuɗi, ba a kan kisa ba. Turner ya zana faɗuwar rana kamar an yanka sama, ga hannaye da sarƙoƙi na leƙowa daga ruwa, kifaye sun taru. Babban mai sharhin zamanin, John Ruskin, ya rubuta dogon yabo a kan hasken da launin da tashin ruwan, ya ɗora tekun a kan duk wani teku da aka taɓa zanawa. Zancen mutanen da ake jefawa kuwa ya sauko da shi ƙasan shafi, cikin ƙananan haruffa. Ya ajiye zanen a gidansa shekaru masu yawa, daga baya ya sayar, wai zama da shi ya yi masa nauyi. Yana Boston yanzu, kuma masu ziyara har gobe daga faɗuwar ranar suke fara kallo.

Saura adabin rataya, wanda gajere ne amma ana tuntuɓe a kansa. Sharaɗinsa shi ne sama ta kasance a sama. A 1961 babban gidan zanen zamani na New York ya rataye wani aikin Matisse, na jirgin ruwa da inuwarsa, kai a ƙasa. Ya kwana 47 a haka, dubban mutane suka wuce suna gyaɗa kai, kafin wata mai ziyara ta lura. Ɗalibi ya kiyaye: in ya ga kifi sun fi tsuntsaye kusa da silin, ya juya.

Akwai kuma tekun Rembrandt. A duk rayuwarsa sau ɗaya ya zana irin wannan, a 1633, jirgi cikin guguwa a Tekun Galili, wanda a gaskiya tafki ne na ruwan daɗi, ana sha ana kamun kifi. Zanen yana gidan adana kayan tarihi na Isabella Stewart Gardner a Boston har daren 18 ga Maris 1990, lokacin da wasu mutum biyu sanye da kayan 'yan sanda suka ƙwanƙwasa ƙofa, aka buɗe musu. Suka ɗaure masu gadi, suka yi minti 81 a ciki, suka fita da kaya 13. Na Rembrandt da wuƙa suka yanke shi daga katakon da ke kewaye da shi. An sa ladan dala miliyan 10 ga wanda ya ba da labarin da zai kai ga dawo da kayan, shiru kake ji. Hukumar gidan ta mayar da katakon wurinsa a bango, fanko, kuma mutane na shiga layi su tsaya a gabansa su yi shiru, wasu har da ɗaukar hoto. Mun nazarci hotunan da kyau, kuma a fahimtarmu ruwan ya janye ne. Duk wanda ya zauna bakin gaɓa ya san yakan yi haka sau biyu a rana, sai dai wannan karon ya ɗan jima.